Kiran Namiji a Bakin Titi: Tsakanin Turanci da Sifaniyanci

A shekarar 2000 aka fitar da wani fim ɗin barkwanci a Amurka mai suna “Dude, Where’s My Car?”, labarin wasu samari biyu da suka wayi gari ba su san inda suka baro motarsu ba. Fim ɗin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, amma sunansa ya ba masu fassara aiki. A Sifaniya suka sa masa “Colega, ¿dónde está mi coche?”. A ƙasashen Latin Amurka kuwa aka ce “Hey, ¿dónde está mi auto?”. Sunan mota ya bambanta, wannan ba komai ba ne. Abin lura yana ga kalmar farko. Mutanen Sifaniya sun samo wadda za ta tsaya a gurbin “dude”, na Latin Amurka kuwa sun zubar da ita gaba ɗaya suka toshe gurbin da “hey”. Kalmomin ne suka yi musu yawa. Kowace ƙasa da tata kalmar, kuma duk wadda aka ɗauka za ta mayar da fim ɗin na ƙasa ɗaya, sauran su ji shi baƙo a kunnensu.

Wannan shi ne abin da ƙamus ba ya iya gaya wa mai koyo. Za ka buɗe shi ka tarar an jera guy, dude, bloke, chap, fellow da mate a hannu ɗaya, an jera tipo, tío, güey da chabón a ɗaya hannun, sai ka ɗauka kowace tana iya zama a kujerar kowace. A ganina, ma’anar “namiji” ita ce mafi ƙanƙantar kayan da waɗannan kalmomi suke ɗauke da shi. Babban kayansu shi ne sanar da inda mai magana ya fito, da tsaransa, da kuma irin tazarar da ke tsakaninsa da wanda yake magana da shi. Duk mai neman takwarar ɗaya daga cikinsu a wani harshe, dangantakar ya kamata ya fara nema, kalma ta biyo baya.

Sifaniyanci harshen gwamnati ne a ƙasashe 20, ciki har da Ikwatoriyal Gini da ke nan kusa da mu, kuma waɗanda suka tashi da shi a baki sun kusa miliyan 500. Meziko ce ta fi kowa yawan masu magana da shi, ba Sifaniya ba. A Amurka ma fiye da mutum miliyan 40 da shi suke hira a gida. Harshen littafi da na labaran talabijin kusan ɗaya ne a duk waɗannan wurare. Harshen bakin titi kuwa kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma babu inda bambancin ya fi fitowa fili kamar yadda samari suke kiran junansu.

Kafin a shiga ƙasa-ƙasa, akwai tankaɗen da ya kamata a fara yi. Wasu kalmomin labarin mutum ake bayarwa da su, wasu kuma kiransa ake yi da su. Mutumin Ingila zai ce wani “bloke” ya zo nemanka, amma ba zai dubi tsabar idonka ya kira ka bloke ba, “mate” zai ce. Ba’amurke zai ce wani “guy” yana ƙofa, amma in ya tsaya a gabanka kai kaɗai, “dude” ko “man” ko “buddy” ne za su fi saurin zuwa bakinsa, sai kun kai biyu ko fiye zai ce “guys”. Haka abin yake a Sifaniyanci. “Tipo” ta ba da labari ce kawai, kuma ita ce za a gane daga Madrid har Buenos Aires ba tare da ta tona asalin mai magana ba. “Che” ta Ajantina ta kira ce, ɗan ƙasar ba zai ce wani che ya zo ba. “Tío” ta Sifaniya da “güey” ta Meziko su ne masu aiki biyu, kamar yadda dude take yi.

Ɗauki magana guda mai sauƙi: akwai wani mutum a waje yana tambayarka. Ɗan Madrid zai ce “un tío” ne a waje. Ɗan birnin Meziko zai ce “un güey” ko “un cuate”, na arewacin ƙasar kusa da iyakar Amurka ya ce “un vato”. A Buenos Aires “un chabón” ne, a Santiyago ta Cile “un gallo”, wato zakara, a Lima “un pata”, a Kosta Rika “un mae”. Mutum ɗaya ne dai tsaye a ƙofa, amma kafin a gama jimlar an riga an san garin wanda ya kawo saƙon.

Cikin waɗannan kalmomi, wadda Turanci ya fi yawo da ita a duniya, wato guy, asalinta sunan mutum ne, kuma ba mutumin da ake yabo ba. Guy Fawkes yana cikin wasu ’yan ɗariƙar Katolika da suka ƙulla tarwatsa majalisar dokokin Ingila da Sarki James na Ɗaya a cikinta. An cafke shi a ɗakin ƙarƙashin ginin da ganguna 36 na albarushi, daren wayewar 5 ga Nuwamba 1605, aka kashe shi a farkon shekarar da ta biyo. Daga nan duk ranar 5 ga Nuwamba yara suka riƙa haɗa mutum-mutuminsa da tsummokara, su zaga da shi unguwa suna roƙon kwabbai, da dare a cinna masa wuta. Mutum-mutumin shi ake kira guy. Sannu a hankali duk wanda ya yi shigar banza sai a ce da shi guy. Da kalmar ta haye teku zuwa Amurka a ƙarni na 19, inda ba ruwan kowa da wancan tarihi, sai zagin ya zube, ta koma “wani mutum” kawai. A Afirka ta Yamma ta sake juyawa: a Turancin Najeriya da na Gana ta ɗauki ma’anar mai ƙwalisa, kuma ta nan ta shigo bakinmu ta zama “gaye”. Kalmar da ta faro daga tsumma, a wajenmu sai wanda ya sha guga ake ba ta.

Dude ita ma da ba’a ta fara. Ta yi tashe a New York a 1883, ana tsokanar samarin masu kuɗi da suka mayar da hankali ga ado da kwaikwayon Turawan Ingila. Makiyayan shanu na yammacin Amurka suka karɓe ta suna kiran ɗan birni da bai iya hawa doki ba, har aka samu gandayen kiwo na musamman da ake buɗewa don irin waɗannan baƙi masu zuwa hutu. A shekarun 1960 kuwa, a bakin samarin Kalifoniya masu wasan hawa igiyar teku, ta yi tashe a matsayin kiran aboki. Wani masanin harshe na Jami’ar Pittsburgh, Scott Kiesling, ya yi mata nazari guda a 2004, inda ya nuna cewa samari suna son ta ne domin tana ba su damar nuna kusanci ba tare da sun nuna ya yi yawa ba. Na yarda da wannan bayani, kuma ina ganin ya wuce dude kaɗai. Kusan duk kalmomin da muke magana a kansu aikinsu ke nan: namiji ya jawo ɗan’uwansa kusa, amma da ɗan sarari a tsakani.

Na Birtaniya kuwa matsayi suke nunawa. “Chap” gajartawar tsohuwar kalma ce ta ɗan koli, amma yau ƙamshin dattijo mai hali take yi. Bloke ta talaka ce, mutumin da ba ya ɗaga kai, kuma a Ostareliya in aka ce wane bloke ne na kirki an gama yabonsa. “Lad” ta fi ƙarfi a arewacin Ingila da Ayaland. “Geezer” tarko ce: a Landan gogaggen ɗan gari take nufi, a Amurka tsoho tukuf. “Fellow” daga harshen mutanen arewacin Turai na dā ta fito, wanda ya zuba dukiyarsa tare da taka a harka ɗaya. Mate kuwa asalinta wanda kuke cin abinci tare, daidai da “compañero” ta Sifaniyanci, wadda aka gina daga kalmomin Latin biyu, “tare” da “burodi”. Mutanen Ostareliya sun ɗauki mate tamkar tutar ƙasa. A watan Agusta 2005 aka ba masu gadin majalisar dokoki a Canberra umarnin su daina kiran baƙi da ita, aka yi ca a kan umarnin, har Firayim Minista John Howard ya yi suka a kansa da bakinsa, kuma bai wuce kwana ɗaya ba aka janye shi.

A Sifaniya, tío ce sarauniya. Ma’anarta ta asali kawu ko baffa, kuma har gobe da ita ake kiran ɗan’uwan uwa ko na uba. Amma a bakin matasa, musamman tun bayan mutuwar mai mulkin ƙasar, Janar Franco, a 1975 lokacin da Madrid ta ɓalle da sabuwar rayuwar dare da waƙe-waƙe, ta zama kiran kowa. Karin maganar matasan wancan zamani ana ce masa “cheli”, har marubuci Francisco Umbral ya yi masa ƙamus a 1983. A cikinsa ne “tronco”, wato kututturen itace, da “colega”, abokin aiki, suka zama kiran aboki. Akwai kuma “macho”, namijin dabba. A kudu, yankin Andalus, sai ka ji “quillo” ko “illo”, guntun “chiquillo”, wato yaro ƙarami. Idan ɗan Meziko yana son kwaikwayon ɗan Sifaniya don a yi dariya, tío zai yi ta jefawa a ƙarshen kowace jimla, domin a wajensa kalmar ba ta bar gidan dangi ba.

Wani abin da ke burge ni shi ne yadda harsunan biyu suka yi aro a gida ɗaya ba tare da sun sani ba. Al’ummar Roma, waɗanda kakanninsu suka taso daga Indiya suka bazu cikin Turai, sun isa Sifaniya a ƙarni na 15. An raina su a can, an raina su a Ingila, amma daga harshensu Sifaniyanci ya samu “chaval”, saurayi, da “gachó”, wani mutum, Turanci kuma ya samu “pal”, wadda asalinta ɗan’uwa take nufi. Haka nan “fulano”, da ake faɗa in ba a son kama suna, ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya zauna gaban malami: “fulan” ce ta Larabci, wato wane, gadon zaman Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492. In sunayen sun yi yawa sai a ce “fulano, mengano y zutano”, wane da wane da wane.

A Meziko kuwa sai an zauna, domin güey ta ishi mutum nazari. Ana furta ta “wei”, kuma haka matasa suke rubuta ta a waya, “wey” ko “we”. Ta fito daga “buey”, san huɗa da aka dandaƙe, dabba mai ƙarfi marar wayo. A dā zagi ce zalla, daƙiƙi ke nan. Yau ka tsaya wajen mai sayar da taco a birnin Meziko ka saurari samari biyu suna jiran a naɗe musu nama a waina ta masara. Ɗaya zai buɗe magana da güey, ya tsaya tsakiya ya sake jefa ta, ya rufe da ita. Abokin ya amsa da “no, güey”, ya ja wasalin don nuna mamaki. Wanda suke gulmarsa shi ma “ese güey” ne. Mai taco ya miƙo faranti, nan take harshe ya sauya, a ce masa “jefe”, shugaba, ko “don” a haɗa da sunansa. Babu wanda ya koya musu wannan a aji, amma ba za su taɓa kuskuren kiran dattijon da güey ba. Kuma tsohuwar ma’anar ba ta mutu ba, tana kwance ne: in aka ce wa mutum “no seas güey”, ana nufin ya daina wauta.

Kusa da ita akwai kalmomin da suka fi ta ɗumi. Cuate daga harshen Nahuatl na Aztek ta zo, inda kalmar take nufin maciji kuma take nufin ɗan tagwaye. “Carnal” daga “nama” aka cire ta, ɗan’uwa na jini, kuma ba kowa ake ba ta ba. “Compa” guntun “compadre” ne, mutumin da ya tsaya wa ɗanka a coci ranar baftisma, dangantakar da suke ɗauka da nauyi ƙwarai. “Chavo” kuwa yaro ne ko saurayi, kuma duk Latin Amurka ta san ta saboda shirin barkwancin “El Chavo del Ocho” na Roberto Gómez Bolaños da aka fara a farkon shekarun 1970.

Che ta Ajantina da Yurugwai, wadda ake furtawa kamar “ce” ta Hausa, ta samu abin da ba kowace kalma take samu ba: ta zama sunan mutum. Ernesto Guevara ɗan Ajantina ne, kuma ’yan Kyuban da ya haɗu da su a shekarun 1950 sun ji ba ya jimla sai da che, sai suka laƙaba masa ita. Da aka naɗa shi shugaban babban bankin Kyuba a 1959, da wannan laƙabi kaɗai ya sa hannu a takardun kuɗin ƙasar. Masu bin ƙwallon Sifaniya sun san ana kiran ƙungiyar Valencia “Los Che”, domin mutanen wannan gari ma suna da kalmar. Abokiyar tafiyar che a Buenos Aires ita ce “boludo”, kuma asalinta batsa ce, daga ’ya’yan marainan namiji, da ma’anar sakarai. “Che, boludo” tsakanin abokai gaisuwa ce. A bakin direban da ka sha gabansa a titi, zagi ne da zai iya kai ku ga dambe. A 2013, lokacin babban taron harshen Sifaniyanci a Panama, da aka nemi marubuta su zaɓi kalma ɗaya da ke wakiltar ƙasarsu, mawaƙi Juan Gelman boludo ya zaɓa wa Ajantina. Cile tana da irin tata, “huevón”, da ake furtawa “weon”, ita ma daga wuri ɗaya ta fito. “Pibe”, yaro, ita ce mai tsabta a cikinsu, shi ya sa Maradona ya zama “El Pibe de Oro”, yaron zinariya.

Me ya sa zagi yake yawan rikiɗewa ya zama kiran aboki? Ina ganin don shi ne hujjar amana mafi arha kuma mafi ƙarfi. In na kira ka sakarai ka yi murmushi, mun tabbatar wa juna, da duk wanda ke sauraro, cewa akwai wasa tsakaninmu. Kalmar girmamawa kowa yana iya faɗa wa kowa, don haka ba ta shaidar komai. Wannan ne ya sa baƙon da ya haddace güey ko boludo daga fim ya fara rabawa ranar da ya sauka yake jefa kansa cikin rigima. Ya ɗauki kalmar bai ɗauki izinin da ke tafe da ita ba. Turancin Amurka bai cika tafiya ta wannan hanya da nisa haka ba, dude ta daɗe da rasa dafinta, shi ya sa fassara dude da boludo take ƙara wa magana yajin da babu shi a asali.

Akwai biyu da ba zan wuce su ba. A Kyuba ana cewa “asere”, kuma gaisuwar titi a Habana ita ce “¿qué bolá, asere?”. Masana da dama suna danganta kalmar da ƙungiyar asiri ta Abakuá, wadda aka kafa a garin Regla a 1836 bisa tsarin ƙungiyar Ekpe ta mutanen yankin Kuros Riba. Bayin da aka kwasa ta tashar Kalaba su suka tafi da ita, har yau a Kyuba ana kiran zuriyarsu “carabalí”. Ta biyun a Kolombiya take, inda ban da “parce” ta samarin Medellín, aka ɗauko “man” ta Turanci sukutum aka sa mata rigar Sifaniyanci: “ese man”, jam’inta “manes”, har mace ma ana iya ce mata “la man”. Benezuwela kuma tana da “chamo” da “pana”.

Masu ɗora murya a finafinai su suka fi kowa shan wahalar wannan yawa. Kamfanonin Amurka ba sa son biyan fassara ashirin, don haka aka ƙirƙiro abin da ake kira Sifaniyanci na tsaka-tsaki, wanda akasari a Meziko ake naɗarsa a rarraba wa nahiyar. A cikinsa ba güey ba boludo, sai “amigo”, “hermano”, “sujeto” da “viejo”, wato tsoho. Zomon katun Bugs Bunny, da yake kiran kowa “doc” a Turanci, viejo yake cewa a can. Sifaniya tana yin tata fassarar daban, kuma ta fi sakin jiki. Jarumin fim ɗin “The Big Lebowski” na 1998, wanda Jeff Bridges ya fito a matsayinsa kuma kowa ke kira The Dude, a Sifaniya ya zama “El Nota”, kalmar titi ta mutumin da ba a rasa lura da shi. Wannan fassara ce ta wanda ya fahimci halin mutumin. Na san dalilin kasuwa da ya haifar da harshen tsaka-tsaki, amma ina ganin hasara ce: an samu abokai a allo suna magana da harshen da babu wasu abokai biyu a duniya da suke yin hira da shi.

Wani bambancin yana cikin ginin harsunan kansu. Turanci ya daɗe da yar da tsohon wakilin sunansa na kusanci, ya bar “you” ita kaɗai ga sarki da yaro. Saboda haka nauyin nuna kusanci ko girmamawa ya koma kan kalmomin kira, tsakanin “sir” da mate. Sifaniyanci yana da “tú” ta sabo da “usted” ta girmamawa, wasu ƙasashen kuma da “vos”. Kalmar kira dole ta dace da wakilin sunan. Tío da tú suke tafiya, boludo da vos. Haɗa güey da usted kamar ba’a ne a kunnen ɗan Meziko. Amma a wasu sassan Kolombiya aminai na ƙut-da-ƙut suna kiran juna parce kuma suna ce wa juna usted, babu mai jin wani abu.

Mata ma sun shigo cikin lissafin. A Amurka “you guys” ta zama hanyar kiran taron maza da mata, ko ma na mata zalla, ko da yake akwai masu ƙorafi a kai. ’Yan mata suna kiran juna dude, a Meziko suna kiran juna güey ba tare da canza ko harafi ba. Inda kalmar take da siffar mace, wani lokaci lafiya lau, kamar “tía” da “boluda”. Wani lokaci kuma akwai rami: “tipa” tana da ɗan raini, “fulana” kuwa tana iya nufin karuwa, alhali fulano ba ya ɗauke da komai. A ’yan shekarun nan “bro”, guntun kalmar ɗan’uwa ta Turanci, ta ratsa duka ɓangarorin ta hanyar YouTube da wasannin intanet da waƙoƙi, har ta zama kalma ɗaya da yaron Madrid da na Lima da na Landan suke tarayya a kanta.

Sai dai ba duk kira ne na tsara da tsara ba, kuma a nan ne maganar take daina zama ta nishaɗi. A kudancin Amurka zamanin wariyar launin fata, farar fata yakan kira baƙar fata “boy”, yaro, ko da ya haife shi. Mu ma Turawan mulkin mallaka sun bar mana ita a “boyi”. Wannan ne ya sa ma’aikatan kwashe shara baƙaƙen fata da suka yi yajin aiki a Memphis a 1968 suka ɗaga kwalaye masu cewa “I Am a Man”, kuma ya sa kiran juna man yake da nauyi na daban a bakin baƙaƙen Amurka. Amigo ma tana da fuska biyu. A kasuwar Lima ko Bogota, mai kaya zai kira baƙo amigo ba da wata manufa ba. Amma idan Ba’amurken da bai iya Sifaniyanci ba ya kira lebura ɗan Meziko amigo, sau da yawa abin da leburan yake ji shi ne: ban san sunanka ba, ban kuma damu in sani ba. Bahaushen da ya yi zaman Legas ko Fatakwal ba ya bukatar a yi masa dogon bayani, ya san abin da “aboki” ta koma a bakin wanda ba ya jin Hausa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai na ɗan ƙwallon Yurugwai Edinson Cavani ne. A ƙarshen Nuwamba 2020 ya ci wa Manchester United ƙwallo biyu a wasan da suka doke Southampton da ci 3 da 2. Wani abokinsa ya taya shi murna a Instagram, ya amsa masa da “gracias negrito”. A Yurugwai ana kiran aboki ko ɗa ko miji “negro” ko “negrito”, kamar yadda ake kiransa “flaco”, siriri, ko “gordo”, mai ƙiba, sau da yawa ba tare da duba launinsa ko jikinsa ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta amince cewa bai yi nufin wariya ba, amma duk da haka ta dakatar da shi wasa uku ta ci shi tarar fam 100,000. Cibiyar kula da harshe ta Yurugwai ta fito ta yi tir da hukuncin, tana ganin jahiltar al’adarsu ne.

Ina ganin hukuncin ya yi tsauri ga mutumin da su kansu masu hukuncin suka wanke niyyarsa, kuma jan kunne da bayani sun isa. Amma ban yarda cewa babu abin dubawa ba. Akwai baƙaƙen fata a Latin Amurka da suke cewa wannan kira na ƙauna bai taɓa yi musu daɗi ba, kuma ba a tambaye su ba kafin a yanke cewa ba shi da illa. Ban da haka, Cavani da abokinsa ɗaya yake magana, da kalmar da su biyu suka san nauyinta, amma ya rubuta ta a inda miliyoyin mutane suke karantawa, cikinsu har da yara baƙaƙen fata a Ingila da aka sha jifa da makamanciyarta daga kujerun ’yan kallo.